Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Katuna Biyu da Maki Ɗaya Ya Raba

A watan Maris na shekarar 2006, a birnin Honolulu da ke tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, wasu samari biyu suka zauna suna fuskantar juna a kan tebur, kowa da katunansa. Ɗaya ɗan Ingila ne mai suna Craig Jones, ɗayan kuma Bafaranshe ne, Olivier Ruel. Karawar kusa da ta ƙarshe ce a babbar gasar da ake kira Pro Tour, kuma sun yi kunnen doki: kowa ya ci wasa biyu, wanda ya ci na biyar shi zai wuce.

Jones ne ruwa ya kusa ƙare wa. Mayaƙan Ruel sun cika fili, saura ƙiris su gama da shi, alhali Ruel yana da sauran makin rai 7. Jones na riƙe da wani kati mai suna Char, wanda ke cire maki 4. Zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya kashe ɗaya daga cikin mayaƙan da ke barazana gare shi don ya ƙara jan numfashi, ko ya jefi Ruel da katin kai tsaye. Ya zaɓi na biyu, makin Ruel ya dawo 3. Da lokacin ɗaukar sabon kati ya zo, sai ya zaro na saman daminsa, bai ko duba ba, ya buɗe shi a kan tebur. Katin da ya fito shi ne Lightning Helix, mai cire maki 3 cif. Wasa ya tashi, Jones ya wuce zagayen ƙarshe.

Da a ce katin da ya fito maki 2 yake cirewa, da Ruel ya tsira da maki 1, kuma da shi ne ya wuce. Wannan tazara ta maki ɗaya ita ce batunmu na wannan mako. Za mu ajiye katuna biyu da suka yi kama kamar an tsaga kara, Lightning Bolt da Shock, mu ga abin da ya raba su, da kuma abin da ɗalibi zai ƙaru da shi ko da bai taɓa riƙe irin wannan kati ba.

Wane irin wasa ne wannan?

Sunan wasan Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fara buga shi a watan Agusta na 1993. Sunan da zane-zanen da ke jikin katunan na tatsuniya ne, amma abin da ke gudana a kan tebur lissafi ne da karatun ƙa'ida.

Ya bambanta da wasan Whot da muka saba da shi. A Whot, kwali ɗaya ake saya mai kati 54, kowa daga cikinsa ake raba masa. A Magic kuwa, an buga katuna iri-iri sama da dubu ashirin, kuma kowane ɗan wasa shi ke zaɓar waɗanda zai haɗa daminsa da su kafin ya zo. A gasar da aka fi sani, dami ba ya gaza kati 60, kuma ba a yarda ka sa fiye da kwafi huɗu na kati mai suna ɗaya ba, in ban da katunan fili na yau da kullum. Ku riƙe wannan doka ta kwafi huɗu, za mu dawo kanta.

Kowa yana farawa da makin rai 20 da kati bakwai a hannu, sannan a kowane zagaye ya ɗauki ƙarin kati ɗaya. Wanda makinsa ya kai sifili ya faɗi. Ba a jefa kati kyauta, kowanne yana da farashi. Katunan fili ne ke samar da abin biyan, kuma fili ɗaya kawai ake ajiyewa a zagaye. Masu wasan suna kiran wannan abin biya da suna "mana", kalmar da aka aro daga harsunan tsibiran tekun Pasifik. Ba ta da dangantaka da tamu ta "zo mana", don haka a nan za mu ce kuzari. Kuzarin launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore.

Akwai katunan mayaƙa, kowanne da lambobi biyu a ƙasan kusurwarsa: ta farko ƙarfin dukansa, ta biyu juriyarsa. Mayaƙi mai 3/3 yana dukan maki 3, kuma sai an yi masa lahanin maki 3 kafin ya faɗi.

Ga katunan biyu

Lightning Bolt, wato tsawa, yana cikin katunan farko na 1993, kuma wani mai zane mai suna Christopher Rush ne ya yi hotonsa na asali. Jan kati ne. Farashinsa jan kuzari ɗaya. Ana iya jefa shi nan take a kowane lokaci, ko da a zagayen abokin karawa ne. Yana yin lahanin maki 3 ga abin da aka nufa da shi, mayaƙi ne ko ɗan wasa.

Shock, wato jan lantarki, ya fara fitowa a 1998 cikin jerin katunan da aka sa wa suna Stronghold. Shi ma jan kati ne. Farashinsa jan kuzari ɗaya. Shi ma ana jefa shi nan take a kowane lokaci. Yana yin lahanin maki 2 ga abin da aka nufa da shi, mayaƙi ne ko ɗan wasa.

In ka cire suna da hoto, lamba ɗaya ce tak ta bambanta su. Wanda ya fara wasan jiya zai ce bambancin bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin hannu kuwa suna lissafa Bolt cikin mafiya ƙarfin jajayen katuna da aka taɓa bugawa, Shock kuma suna ɗaukarsa a matsayin da babu gara ba daɗi. Me ya sa?

Abin da maki ɗaya ke yi

Mu fara da lissafin aji ɗaya na sakandare. Maki 3 cikin 20 kashi 15 ne cikin ɗari, maki 2 cikin 20 kuma kashi 10. Don ka gama da abokin karawa da Bolt kaɗai, kana buƙatar guda bakwai, domin 7 sau 3 ya ba da 21. Da Shock kaɗai sai ka jefa goma. Tunda kati ɗaya ake ɗauka a zagaye, ƙarin kati uku na nufin ƙarin zagaye uku na jira, kuma abokin karawarka ba naɗe hannu zai yi yana kallonka ba.

Ga wani tarko da ke kama ɗalibai a jarrabawa. Bolt ya fi Shock da kashi 50 cikin ɗari, domin ƙarin 1 a kan 2 rabi ne. Amma Shock ya gaza Bolt da kusan kashi 33 ne kawai, domin ragin 1 daga 3 sulusi ne. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Abin da ya canza shi ne lambar da aka aza ma'auni a kanta. Duk lokacin da aka ce muku wani abu ya ƙaru ko ya ragu da kashi kaza, ku tambaya: kashi kaza na me?

Amma babban bambancin yana wajen mayaƙa. A ƙa'idar wasan, lahanin da aka yi wa mayaƙi yana gushewa a ƙarshen zagaye in bai kai ya kashe shi ba. Ɗauki Hill Giant, wani tsohon kati mai 3/3 da ake biyan kuzari huɗu kafin a ajiye shi. In ka jefe shi da Bolt, ya faɗi: ka kashe kuzari ɗaya ka rushe abin da aka kashe huɗu a kansa, ka ci ribar uku da za ka yi wani aikin da su. In ka jefe shi da Shock, yana nan daram, kuma da zagayen ya ƙare zai warke sarai. Ka ga a nan Shock bai yi kashi biyu cikin uku na aikin ba, bai yi komai ba. Kamar ɗalibin da ya ci 49 ne a jarrabawar da ake neman 50: tazarar maki ɗaya ce, amma sakamakon ba kusa yake ba.

Saboda haka ne masu wasan ke yi wa kowane sabon mayaƙi wata tambaya: in na biya kuzari uku ko huɗu na ajiye shi, Bolt zai kashe shi? In juriyarsa 3 ce ko ƙasa da haka, kuma ba ya yin wani amfani da zarar ya sauka, da wuya ya samu gurbi a duk gasar da Bolt ke yawo. Kati ɗaya mai arha ya zama ma'aunin da ake auna ɗaruruwan katuna da shi.

Me ya sa aka buga mai rauni?

Tambayar da za ta zo wa kowa ke nan: tunda akwai Bolt, me ya kai kamfani buga Shock bayan shekara biyar?

Garfield ya yi wa kowane launi kati ɗaya mai farashin kuzari ɗaya da ke ba da uku na wani abu. Na fari, Healing Salve, yana ƙara makin rai 3 ko ya kare lahanin maki 3. Na shuɗi, Ancestral Recall, yana ba da damar ɗaukar kati 3. Na baƙi, Dark Ritual, yana ba da kuzari 3. Na kore, Giant Growth, yana ƙara wa mayaƙi 3 a ƙarfi da 3 a juriya. Na ja shi ne Bolt. A ido sun yi daidai wa daida, amma da aka fara gasa sai gaskiya ta fito. Ancestral Recall ya yi ƙarfi har aka hana shi a kusan kowane rukunin gasa, inda aka yarda da shi ma kwafi ɗaya kawai. Healing Salve kuwa ba mai waiwayarsa. Uku da uku ba ɗaya ba ne in abin da ake ƙirgawa ya bambanta.

Bolt bai kai a hana shi ba, amma ya matsa wa masu tsara sababbin katuna, domin duk mayaƙin da suka ƙirƙiro mai juriya 3 ya zama abin banza tun kafin ya bar maɗaba'a. Don haka bayan bugu na huɗu na 1995, ba a sa shi a bugu na biyar na 1997 ba, kuma a shekarar da ta biyo Shock ya zo ya maye gurbinsa. Da Shock, mayaƙa masu juriya 3 suka samu sararin numfashi. Bolt bai dawo cikin sababbin katunan babbar gasa ba sai a 2009, cikin jerin Magic 2010, aka maimaita shi a jerin da ya biyo, sannan aka sake janye shi.

Daga baya an bi wata hanyar. A 2013 aka fito da Lightning Strike, mai lahanin maki 3 kamar Bolt amma a kan kuzari biyu. Wato an ce wa ɗan wasa: ko ka biya ɗaya ka samu 2, ko ka biya biyu ka samu 3. Tsakanin Shock da Lightning Strike akwai zaɓi na gaske, kowanne da ranarsa. Tsakanin Shock da Bolt babu. Masu wasan suna da suna ga irin wannan hali: kati ya fi wani ta kowace fuska, ba tare da ya gaza shi ta ko'ina ba.

Mark Rosewater, wanda ya daɗe yana shugabantar masu tsara katunan, ya taɓa yin rubutu a 2002 kan dalilin da ya sa ake buga katuna marasa ƙarfi. Daga cikin dalilansa akwai cewa ƙarfin kati ana gane shi ne ta gwada shi da wasu, don haka ba zai yiwu duka su zama na gaba ba, kuma gano wanda ya fi wani na daga cikin abin da sabon ɗan wasa ke koya.

Shock ma yana da ranarsa

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka Shock ba shi da amfani. Na farko, gasa rukuni-rukuni ce, kowane rukuni da katunan da ya halatta. A rukunin Modern, wanda aka kafa a 2011, ana karɓar katunan da aka buga daga 2003 zuwa yau, don haka Bolt na ciki. Amma da aka kafa rukunin Pioneer a 2019, aka ce daga katunan 2012 za a fara, sai Bolt ya tsaya a waje, Shock ya shige. A gasar Honolulu ma ta 2006, Shock na cikin halattattun katuna, Bolt ba ya ciki. Katin da ba a yarda ka shigo da shi ba, komai ƙarfinsa, bai fi takardar tsire ba a ranar.

Na biyu, in mayaƙin da ke gabanka juriyarsa 1 ce ko 2, duka katunan aiki ɗaya za su yi. Mai wayo da ke riƙe da biyun zai jefa Shock, ya ɓoye Bolt don babban abokin gaba.

Na uku, suna ma yana aiki. Akwai wani kati mai suna Meddling Mage, wanda in ya sauka mai shi zai ambaci sunan kati ɗaya, kuma ba mai iya jefa kati mai wannan sunan muddin yana fili. In ya ambaci Lightning Bolt, duk Bolt ɗin da ke hannunka sun zama kaya, Shock kuwa ba ruwansa.

Ko shi kansa Shock an buga waɗanda suka fi shi ta kowace fuska. Burst Lightning na 2009 yana yin duk abin da Shock ke yi, sannan in ka ƙara kuzari huɗu lahanin ya koma 4. Wanda ya fi wani yau, gobe wani ya fi shi.

Kalma ɗaya a tsakiyar kati

Akwai ɗan'uwa na uku da ya kamata mu duba, domin darasinsa na karatu ne. Chain Lightning, wanda ya fito a 1994, jan kuzari ɗaya ne, lahanin maki 3, daidai da Bolt. Amma a layin tsakiyar katin, inda ake rubuta nau'insa, kalma ɗaya ta bambanta. Bolt na nan take ne. Chain Lightning kuwa sai a naka zagayen ake jefa shi, lokacin da ba a tsakiyar faɗa ake ba kuma babu wani katin da ke jiran aiki.

Ga abin da wannan kalma ke jawowa. A Magic, in aka jefa kati, ba ya aiki nan da nan sai an ba abokin karawa damar mayar da martani. Katunan suna hawa kan juna kamar farantan da aka jera, kuma na sama ake fara ɗauka: wanda aka jefa a ƙarshe shi ke fara aiki. A ce abokin karawarka ya kawo hari da Grizzly Bears mai 2/2, sannan ya jefa Giant Growth don ya mayar da shi 5/5. Kafin ƙarin ya hau, sai ka jefa Shock. Naka ne a sama, shi zai fara aiki, mayaƙin ya faɗi yana 2/2, Giant Growth kuma ya tashi a banza. Kati ɗaya naka ya ci biyu nasa. In ka yi jinkiri ƙarin ya hau, ko Bolt ba zai iya da 5/5 ba. Chain Lightning kuwa, duk da makinsa 3, ba shi da bakin magana a wannan lokaci, domin ba zagayenka ba ne. Ga shi kuma a ƙasan katin an rubuta cewa wanda aka jefa zai iya biyan jan kuzari biyu ya maimaita harin a kan wanda ya ga dama. Wanda bai karanta har ƙarshe ba sai ya ji tsawar ta dawo kansa.

Tagwaye na gaske

Akwai kuma katunan da babu bambancin ko maki ɗaya a tsakaninsu. Llanowar Elves na 1993, Fyndhorn Elves na 1995 da Elvish Mystic na 2013 duk koren kuzari ɗaya ne, duk 1/1 ne, duk kuma suna ba da ƙarin koren kuzari ɗaya a zagaye. Suna da hoto kawai suka bambanta. Mene ne amfanin haka?

A nan dokar kwafi huɗu ta dawo. Dokar suna take ƙirgawa, ba aiki ba. Sunaye uku na nufin kwafi 12 na abu ɗaya a duk rukunin da ya halatta ukun. Ku ɗauko biro. A dami mai kati 60 da ke da kwafi 4, damar kada ko ɗaya ya zo cikin kati bakwai na farko ita ce 56/60 sau 55/59 sau 54/58, a ci gaba haka har zuwa 50/54. Amsar ta kusa 0.60. Ke nan damar samun aƙalla ɗaya kusan kashi 40 ce cikin ɗari. Da kwafi 8, irin wannan lissafi yana ba da kusan kashi 65. Da kwafi 12, kusan kashi 81. Sauya suna kawai ya ninka damar. Wannan shi ne darasin yiwuwa da ake koyarwa a babbar sakandare, sai dai a nan ana ganin amfaninsa a kan tebur.

Mu ma muna da irin wannan a gida. A Whot, lamba 7 mai da'ira da lamba 7 mai tauraro aiki ɗaya suke yi yayin wasa. Amma in aka zo ƙirga abin da ya rage a hannun kowa, a ƙa'idar da da yawa ke bi ana ninka makin tauraro, 7 ta zama 14. Wanda ya san haka yakan fara rabuwa da tauraronsa tun da wuri.

Kati ɗaya, farashi biyu

Bambancin ƙarshe ba a fagen wasa yake ba, a kasuwa yake. Bolt na bugun farko na 1993, wanda ake kira Alpha, da Bolt na bugun baya-bayan nan aiki ɗaya suke yi, amma na farkon ana sayar da shi ɗaruruwan daloli, na bayan kuma dala ɗaya ko biyu. Ana gane na Alpha da baƙin gefe da kusurwoyi da suka fi na sauran bugu lanƙwasa.

Misalin da ya fi shahara daga wasan Pokémon yake, wanda aka fara a Japan a 1996, aka buga na Ingilishi a 1999. Katin Charizard mai lamba 4/102, zanen Mitsuhiro Arita, ya fito a bugu daban-daban masu rubutu ɗaya da hoto ɗaya. Na farkon yana da ɗan ƙaramin hatimi a gefen hagu, ƙasa da hoton, kuma akwatin hoton ba shi da inuwa a gefen dama. Na baya, wanda aka buga da yawa, ba shi da hatimin kuma yana da inuwar. A watan Maris na 2022 an sayar da wani mai hatimi, wanda kamfanin tantance katuna na PSA ya ba maki 10 cikin 10, a kan dala 420,000. Mai inuwa da ya sha hannu kuwa 'yan ɗaruruwan daloli ne. Abin da ake biya shi ne ƙarancinsa da lafiyar jikinsa.

Hattara dai

Inda kuɗi ya shiga, macuta ma sukan shiga. Katunan jabu sun cika shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma hoto a waya ba ya nuna kaurin takarda. In aka yi maka tayin kati mai tsada a farashin banza, ka tuna araha ba ta ado. Kada ka tura kuɗi ga wanda ba ka sani ba, kuma kada ka sayi komai ba da sanin iyaye ba.

Sannan akwai batun fakiti. Sababbin katuna a rufe ake sayar da su, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Labarin dala 420,000 shi ake yayatawa, ba a ba da labarin ɗimbin waɗanda suka yage fakiti suka tarar da abin da bai kai kuɗinsu ba. Wanda ke sayen fakiti da fatan yin kuɗi ya kama hanyar caca ko da bai kira ta da sunan ba. A farkon Magic ma akwai ƙa'idar da ta sa kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. An yi watsi da ita, kuma an hana duk katunan da suka dogara da ita a gasar hukuma. Haka nan manhajojin waya irin su Magic Arena da Pokémon TCG Pocket: saukewa kyauta ce, amma an gina su da ƙofofin kashe kuɗi a ciki, ga cin data da cin lokacin karatu.

Wanda ke son gwada lissafin da muka yi ba sai ya sayi komai ba. Kwali da almakashi da biro sun isa: ku yanka kati 60, ku yi wa huɗu alama, ku cakuɗa, ku zaro bakwai, ku maimaita sau hamsin kuna rubuta sakamako, ku ga ko zai kusanci kashi 40.

Abin da za a tafi da shi

In aka ajiye muku abu biyu masu kama, waya biyu ne a kasuwa, ko tsarin data biyu, ko amsoshi biyu a takardar jarrabawa, ku bi matakan da mai wasan kati ke bi. Ku ware abin da suka yi tarayya a kai ku ajiye gefe. Ku nemo ainihin inda suka rabu, ko lamba ɗaya ce ko kalma ɗaya. Ku tambayi kanku ko bambancin ya tsallake wata iyaka, kamar yadda 3 ke kashe abin da 2 ba ta iyawa. Sannan ku duba inda za a yi amfani da abin, domin wanda ya fi a wani wuri ba lalle a bar shi ya shiga wani ba.

Gwada kanka

1. Abokin karawarka yana da makin rai 8. Kana da Bolt biyu, Shock ɗaya da jan kuzari uku. Ka ci wasan? In Shock biyu ne da Bolt ɗaya fa?

2. Serra Angel tana da juriya 4. Kana da Bolt ɗaya da Shock biyu. Waɗanne biyu ya fi dacewa ka jefa, kuma me ya sa dole su kasance a zagaye ɗaya?

3. Tsakanin Shock da Lightning Strike, akwai wanda ya fi ɗan'uwansa ta kowace fuska?

Amsoshi: (1) Ka ci, domin 3 da 3 da 2 sun ba da 8. A hali na biyu 7 ne, ya tsira da maki 1. (2) Shock biyu, domin sun kai 4 daidai kuma Bolt ya rage maka. Dole a zagaye ɗaya, tunda lahani yana gushewa a ƙarshen zagaye. (3) Babu. Shock ya fi arha, Lightning Strike ya fi duka.